Ƙarfen Sabis a Bayan Gida: Shin Da Gaske Yana Sa Ciwo?

  

Maganar yau ta gida ce, don a gidanmu ta faru. Tun da na ɗan taɓo ta a ƙarshen shirin da ya wuce saƙonni suke shigowa. Wani ya ce an zo neman hayar filin mahaifinsa za a kafa ƙarfen sabis, 'yan layi sun ce ba su yarda ba, har an daina gaisawa. Wata ta ce mijinta ya hana ta shiga ɗaki da waya saboda jariri. Wani kuma tambayarsa gajeriya ce, ya ce, "Malam, da gaske 5G tana sa kansa?" To ku gyara zama, yau za mu bi maganar daki-daki.

Bari in fara da Goggona, ƙanwar mahaifina. Shekarun baya aka kafa ƙarfen sabis a wani fili da ke bayan gidanta. Ba a yi wata uku ba ta fara ciwon kai, irin mai kamawa ta ƙeya, ga jiri, ga rashin barci. Duk wanda ya zo dubiya maganarsa ɗaya: ai ƙarfen nan ne. Ita ma ta yarda. Ta bar ɗakinta ta koma ɗakin da ya fi nisa da katangar baya, aka sayo mata wata sitika da ake mannawa a bayan waya wai tana tare radiyeshin, ta yi ta shan maganin ciwon kai. Na ce, "Goggo, ku zo mu je asibiti a duba ku." Ta ce, "Ɗan nan, me likita zai yi mini? Ga abin da ke damuna can a tsaye, sai dai in shi zai zo ya cire." Haka aka kwashe kusan shekara. Ku riƙe labarin nan, zan dawo kansa.

To, mene ne ma wannan abin da ke fitowa daga ƙarfen? Igiyoyin rediyo ne. Irin waɗanda suke kawo wa kakanninmu labarai tun zamanin akwatin rediyo mai batir. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake watsa shirye-shirye, kuma ta cikin iskar da muke shaƙa muryar take ratsowa ta iso gidajenmu. Tashoshin FM suna aiki tsakanin megahaz 88 zuwa 108. Wayar hannu tana aiki a wajen megahaz 900, da 1800, da makamantansu. Wi-Fi yana kan gigahaz 2.4 da 5. Ita kuwa 5G da aka yi gwanjon lasisinta a Najeriya a watan Disamba na 2021, tana kan gigahaz 3.5. Waɗannan lambobin suna nuna sau nawa igiyar take kaɗawa a daƙiƙa ɗaya. Duk dangi ɗaya ne, saurin kaɗawarsu ne ya bambanta.

Inda matsalar take ita ce kalmar "radiyeshin". Da mutum ya ji ta, hankalinsa sai ya tafi kan bam ɗin Hiroshima. Alhali kalmar babbar rumfa ce, abubuwa da yawa suna ƙarƙashinta. Hasken fitila radiyeshin ne. Ɗumin da kake ji in ka zauna kusa da murhu radiyeshin ne. Masana sun raba su gida biyu. Gida na farko su ne masu ƙarfin da za su iya tsinka ƙwayoyin halittar da ke cikin jiki, wato DNA, irin hasken na'urar ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, da wanda ke fita daga makamashin nukiliya. Shi ya sa ake tambayar mace ko tana da ciki kafin a ɗauke ta hoton ƙashi, shi ya sa kuma mai ɗaukar hoton yake komawa bayan bango. Gida na biyu su ne waɗanda ƙarfinsu bai kai nan ba, kuma igiyoyin rediyo suna can ƙasa a cikin wannan gidan.

Misalin da nake bai wa ƙannena shi ne na tukunyar ƙasa. Ka samu dutse ɗaya mai kyau ka jefe ta, ta fashe. Amma ka wuni kana jifan ta da curin auduga, ko buhu goma ka ƙarar, ba za ta tsage ba, don babu curi ɗaya da ke da nauyin da zai yi aikin. Kuma ga wani abin mamaki: hasken da idonka yake gani, na ƙwan lantarkin ɗakinka, saurin kaɗawarsa ya ninka na 5G ɗin Najeriya fiye da sau 100,000. Ma'ana kowane ɗigo na hasken ƙwan ya fi na wayarka ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ba mu taɓa gudun ƙwan lantarki ba.

Wani zai ce, to kenan igiyar rediyo ba ta yin komai a jiki? Tana yi. Abin da aka tabbatar tana yi shi ne ɗumama nama, idan ta yi yawa. A shekarar 1945 wani injiniya a Amurka mai suna Percy Spencer yana aiki kusa da na'urar rada, sai ya ji alawar da ke aljihunsa ta narke. Daga nan aka samo dabarar na'urar ɗumama abinci ta maikrowef. Amma ku duba bambancin ƙarfi. Maikrowef tana zuba wat 700 zuwa 1000 a cikin rufaffen akwati na ƙarfe. Wayar hannu kuwa, tsohuwar fasahar 2G iyakarta wat 2, a 3G da 4G kuma ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na wat ɗaya, kuma mafi yawan lokaci ko kusa da iyakar ba ta zuwa. Zafin da kake ji a kunne bayan doguwar hira da budurwa, yawancinsa na batir ne da injin wayar, da kuma toshe kunnen da ka yi iska ba ta shiga.

Saboda wannan ɗumamawar aka kafa iyaka. Akwai wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa da ake kira ICNIRP, ya fitar da ƙa'idoji a 1998, ya sabunta su a 2020. Yadda suka yi shi ne, suka duba adadin da in jiki gaba ɗaya ya sha zafinsa zai tashi da kusan digiri ɗaya, wato wat 4 a kowane kilo na nauyin mutum. Sai suka raba shi gida 10 suka ce wannan ce iyakar ma'aikata, suka raba shi gida 50 suka ce wannan ce iyakar sauran jama'a, har da yara da tsofaffi da marasa lafiya. Ita ma waya tana da tata iyakar da ake kira SAR. A Amurka wat 1.6 ne a kilo, a Turai wat 2 ne ga kai da gangar jiki.

Kuma ba a takarda kawai abin ya tsaya ba. A watan Satumba na 2023 hukumar da ke kula da zangon sadarwa a Faransa ta dakatar da sayar da iPhone 12, saboda ta auna ta ga tana ba da wat 5.74 a gwajin hannu da ƙafa, inda iyakar wat 4 ce. Sai da kamfanin Apple ya fitar da sabuwar manhaja da ta rage ƙarfin. Ku lura da abu biyu a nan. Na farko, akwai masu aunawa, kuma girman kamfani bai hana a taka masa burki ba. Na biyu, iyakar kanta an ajiye ta nesa da inda cutarwa take farawa.

Yanzu mu zo kan ƙarfen sabis, don shi ne ya fi tsorata mutane, saboda tsayinsa da jar fitilar da ke kansa da dare. Akwai wata ƙa'ida mai sauƙi: duk lokacin da nisanka da abin da ke watsa igiya ya ninka biyu, abin da ke iso ka yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. In nisan ya ninka goma, ya koma kashi ɗaya cikin ɗari. Eriyar tana can sama da tsayin mita masu yawa, kuma an saita ta ne tana haska nesa, kamar mai riƙe da tocila a saman bene yana haska ƙarshen layi. Wanda ke tsaye a gindin benen ba shi hasken yake duka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, a wata takardar bayani da ta fitar a 2006, ta ce aune-aunen da aka yi sun nuna abin da jama'a ke samu daga turakun sadarwa yana tsakanin kashi 0.002 zuwa kashi 2 cikin 100 na iyakar da aka sa. Ta kuma ce jikin mutum yana iya shan igiyar FM da talabijin har ninki biyar fiye da ta ƙarfen sabis.

Ga kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Wayarka tana daidaita ƙarfinta ne da nisan ƙarfen. In ƙarfen yana kusa, raɗa take yi. In yana nesa, sai ta ɗaga murya, kamar mai kiran wani daga wancan gefen kasuwa. Shi ya sa in ka je ƙauyen da sabis yake sanda ɗaya, caji yake zuba kamar ruwa, wayar kuma ta yi zafi. Ita kuwa wayar a manne take da kunnenka. To ka ga unguwar da ta kori ƙarfen sabis ta sa wayoyin mutanenta sun koma ihu a kunnuwansu. Abin da mutum yake sha daga wayar da ke jikinsa ya fi abin da yake sha daga ƙarfen da ke bayan katanga.

To maganar kansa fa? A nan zan faɗa muku komai, har da ɓangaren da masu tsoro suke kafa hujja da shi, don su ma ba daga sama suka ɗauko ba. A watan Mayu na 2011, cibiyar binciken ciwon daji ta WHO, wato IARC da ke birnin Liyon na Faransa, ta sa igiyoyin rediyo a rukunin 2B, ma'ana "mai yiwuwa ne suna iya jawo kansa". Dalilinta shi ne wasu bincike, ciki har da wani babba da ake kira Interphone da aka yi a ƙasashe 13 aka fitar a 2010, sun ga ɗan alamar ƙarin ciwon dajin ƙwaƙwalwa a cikin waɗanda suka fi kowa yawan kira. Sai dai binciken ya dogara ne da tambayar marasa lafiya su tuno awa nawa suke yi a waya shekaru goma da suka wuce. Ni ko na makon jiya aka tambaye ni ba zan iya faɗa daidai ba. Su kansu masu binciken sun ce wannan na iya karkatar da sakamakon.

Rukunin 2B kuwa wurin ajiye abubuwan da hujjarsu ba ta da ƙarfi ne amma ba a rufe littafinsu ba. A cikinsa akwai ruwan ganyen alobera da aka tatsa gaba ɗayansa. Rukuni na 1, wanda aka tabbatar, shi ne inda taba sigari take, da giya, da hasken rana mai ƙuna.

An kuma yi gwaji a kan ɓeraye a Amurka, aka fitar da sakamakon a 2018. An yi ta haska musu igiyar a jiki gaba ɗaya, awa 9 kullum har shekara biyu, da ƙarfin da ya wuce abin da mai waya yake samu. Aka ga ƙari a zuciyar wasu daga cikin mazan, ba a ga hakan a matan ba, kuma mazan da aka haska ɗin sun ma fi waɗanda ba a haska ba tsawon rai. Irin wannan sakamakon yana sa a ci gaba da bincike, amma bai isa a yanke hukunci da shi a kan ɗan Adam ba.

A ɗaya gefen, ƙasar Denmak ta bi sawun masu layin waya fiye da 350,000 na tsawon shekaru, ba ta ga ƙarin ciwon dajin ƙwaƙwalwa ba. A Ingila an bi mata fiye da 770,000, sakamakon ya fito a 2022, shi ma haka. Sannan a 2024 aka fitar da wani babban nazari da WHO ta sa aka yi, wanda ya tattara bincike 63 da aka wallafa tsakanin 1994 da 2022. Bai sami alaƙa tsakanin amfani da waya da ciwon dajin ƙwaƙwalwa ba, har ga waɗanda suka haura shekara goma suna amfani da ita. Kuma ku yi tunani da kanku: a ƙasashen da ke rubuta duk wanda ya kamu da kansa, waya ta tashi daga hannun 'yan tsiraru ta koma hannun kowa, amma adadin masu ciwon dajin ƙwaƙwalwa bai bi ta ya yi tsalle ba.

Ita kuwa maganar 5G da korona, lissafin kwanan wata kaɗai ya ishe mu. An tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020. Ba a fara sayar wa jama'a 5G a ƙasar nan ba sai a 2022. A Ingila a 2020 har ƙona turakun sadarwa aka yi saboda wannan jita-jita, da yawansu ma ba na 5G ba ne. Mu ma ba yau muka fara ba. Manyanmu za su tuna lokacin da aka ce akwai lambar da in ta kira ka ka ɗaga, mutuwa za ka yi, har sai da hukumar sadarwa ta NCC ta fito ta ƙaryata. GSM ta shigo Najeriya a 2001, kuma kusan kowane sabon abu da ya zo da ita sai an haɗa shi da wani labarin tsoro.

Kada wani ya ce na zo in wanke kamfanonin waya. Ƙarfen sabis yana da illolinsa na gaske, kuma su ya kamata 'yan unguwa su tsaya a kai. Akwai janareton da ke ruri dare da rana. Akwai hayaƙinsa da ke shiga ta taga. Akwai man dizal da baƙin man da ke iya tsiyaya ya gangara rijiya. Akwai ƙarfen da ba a kafa da kyau ba, iskar farkon damina ta kayar da shi a kan gidan mutane. Dokokin ƙasar nan sun yi maganar tazara: a baya ƙa'idar NCC ta ce mita 5 daga gidan zama, ta hukumar kare muhalli NESREA ta ce mita 10, har hukumomin biyu suka daɗe suna saɓani a kai. To ɗan'uwan da ya turo saƙo kan filin mahaifinsa, ga abin da za ku zauna ku tambaya a gaban mai unguwa: tazarar nawa ce, ina za a ajiye janareto, ina bututun hayaƙin zai kalla, wa zai biya in an yi ɓarna. A rubuta a takarda. Mutanen da igiyar ke iya ƙonawa da gaske su ne ma'aikatan da ke hawa sama su tsaya daf da fuskar eriya tana aiki, shi ya sa aikinsu yake da nasa dokokin.

Ita ma wayar tana kisa, amma ta wata hanya. WHO ta ce direban da ke amfani da waya yana tuƙi, haɗarin ya yi karo ya ninka kusan sau huɗu. Kullum muna ganin mai babur ya soke waya a cikin hula yana hira yana ratsa titi. Ga cajar jabu da batirin da ya kumbura ana ci gaba da jona shi a kan katifa. Ga ƙarfe biyun dare ido na kan TikTok, da safe kai na sarawa, a ce radiyeshin ne. An bar jaki ana dukan taiki.

Duk da haka, wanda hankalinsa bai kwanta ba yana so ya rage, abu ne mai sauƙi kuma kyauta. In hirar mai tsawo ce, sa iyafis ko ka buɗe sifika, don ɗan nisan nan kaɗai yana rage abin sosai. Ka guji doguwar hira inda sabis ba shi da ƙarfi. Da dare ka ajiye ta a kan tebur maimakon ƙarƙashin filo, ko don zafin batir. 'Yar'uwa mai jariri, wayar da ke ajiye a gefen ɗaki ba abin tashin hankali ba ce. Wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya, shawarar likitoci ita ce ya bar tazarar santimita 15 tsakaninta da waya, kada ya sa ta a aljihun ƙirji. Sitikar tare radiyeshin kuwa, ku riƙe kuɗinku. In ba ta tare komai ba an cuce ka, in kuma ta tare, wayar ƙara ƙarfi za ta yi don ta kamo sabis.

Mu koma kan Goggo. Wata rana da asuba jiri ya kwashe ta a bakin rijiya, Allah ya kiyaye ba ciki ta faɗa ba. Muka kai ta asibiti. Ma'aikaciyar jinyar ta auna jininta, ta kalle mu, ta sake aunawa. Hawan jini ne, kuma likita ya ce ya daɗe a jikinta, saura ƙiris ya zama shanyewar ɓarin jiki. Aka ɗora ta a kan magani, aka ce ta rage gishiri da dunƙulen miya. Rashin barcin kuwa, da muka zauna muka duba, ƙarar janareton ce. Dattawan layin suka rubuta takardar koke, aka yi ta zarya, daga ƙarshe aka canza shi da marar ƙara. Ƙarfen yana nan inda yake har yau, Goggo ta koma ɗakinta, ciwon kan ya tafi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shekara guda da muka yi asara. Ciwonta gaskiya ne, ba ƙirƙira ta yi ba. Sunan da aka ba ciwon ne ba daidai ba, kuma da yake kowa ya gamsu da sunan, babu wanda ya ga dalilin zuwa a auna ta. Awon jini kuwa minti biyu ne, har a kemis ana yi. Don haka in akwai wani a gidanku mai yawan ciwon kai, ko jiri, ko bugun zuciya, ana cewa ƙarfen sabis ne ko waya ce, don Allah a fara kai shi a duba jininsa da sukarinsa da idonsa. In ya so daga baya a yi muhawarar eriya.

Nan za mu dakata a yau. Wanda aka kafa ƙarfe a unguwarsu, ya faɗa mana a ƙasa yadda suka ƙare da maganar janareto, wataƙila wani ya amfana. Ku tura wa iyaye da 'yan'uwa, musamman guruf ɗin gida inda ake yawan turo irin waɗancan saƙonnin. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mu da abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.